Westerhof ko Keshi: Wane Koci Ne Ya Fi Barin Sawu a Super Eagles?

Akwai gardamar da ba ta tsufa a teburin mai shayi. Ana iya shafe wata guda ana maganar tsadar taki da halin da hanyar Funtuwa take ciki, amma ranar da Super Eagles suka yi wasa suka ba mutane haushi, sai tsohuwar tambaya ta dawo: a cikin duk waɗanda suka taɓa riƙe ƙungiyar nan, wa ya fi yi mata tasiri? Na ji ana wannan musu a Tudun Wadar Gusau, na ji shi a bakin tasha a Tsafe, na kuma tarar da shi a wani gidan kallon ƙwallo a Bungudu, inda aka kashe janareta amma ba wanda ya tashi. Sunaye da yawa kan fito da farko, daga baya zance ya tsaya kan mutum biyu: Clemens Westerhof, Baturen Holan da ya riƙe ƙungiyar daga 1989 zuwa 1994, da marigayi Stephen Keshi, ɗan gida, wanda ya karɓe ta a ƙarshen 2011.

Abin da na lura shi ne shekaru ne suke raba sahun. Masu furfura, waɗanda suka kalli wasannin 1994 tun Gusau tana cikin jihar Sakkwato, kusan dukkansu mutanen Westerhof ne. Matasan da suka buɗe ido da gidajen kallo da ƙwallon Ingila kuwa, kofin da suka gani da idonsu shi ne na 2013, don haka Keshi ne gwaninsu. A Tsafe na ji wani dattijo ya ce wa ɗan ƙanensa, "Kai yaro, mi ka sani? Lokacin da Yekini ya riƙe raga yana kuka ko auren uwarka ba a yi ba." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne Kawu, amma dai shi Keshi namu ne." Wannan musayar ta ƙunshi kusan duk abin da ɓangarorin biyu suke taƙama da shi, sai dai kowanne yana da hujjojin da suka fi haka nauyi.

Abin da mutanen Westerhof suke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce a duba inda ya tarar da ƙungiyar da inda ya ajiye ta. Ya zo a 1989 ana tsakiyar neman gurbin gasar cin kofin duniya ta Italiya, a watan da Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas ya rasu. Kamaru ta doke Nijeriya da ci 1-0 a Yawunde, gurbi ya suɓuce. A lokacin Nijeriya ba ta taɓa leƙa gasar cin kofin duniya ba ko sau ɗaya. Bayan shekara biyar, ƙungiyar tana riƙe da kofin Afirka, tana ta biyar a jadawalin FIFA na watan Afrilun 1994, matsayin da har yau babu ƙasar Afirka da ta haura shi.

Kuma ba faɗowa daga sama nasarar ta yi ba, hawa ta yi mataki-mataki. A gasar Afirka ta 1990 ya tafi Aljeriya da tawagar da akasarinta 'yan wasan cikin gida ne. Masu masaukin baƙi suka zuba musu 5-1 a wasan farko, amma yaran suka farfaɗo har suka kai wasan ƙarshe, inda Aljeriyar ta sake cin su da 1-0 kacal. A Senegal a 1992 suka zo na uku. Ranar 8 ga Oktoban 1993 suka koma birnin Aljas suka yi kunnen doki 1-1 da ƙwallon Finidi George, wanda ya ba Nijeriya tikitin Amurka. Ranar 10 ga Afrilun 1994 kuma a Tunis, Emmanuel Amunike, wanda kocin ya ajiye a benci tun farkon gasar, ya ci Zambiya ƙwallo biyu aka tashi 2-1. Na biyu, na uku, na ɗaya: masu wannan ra'ayi sun ce haka ginin mai hankali yake tashi.

Sai wasannin Amurka, waɗanda su ne dattawan nan suka fi jin daɗin ba da labarinsu. An buga wasan Bulgeriya a Dallas da tsakar dare a agogonmu, mutane suka hana idonsu barci a gaban 'yan talabijin ɗin da ke unguwa. Yekini, Amokachi, Amunike: 3-0, a kan ƙungiyar da daga baya ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ajantina ta Maradona ta ci Nijeriya 2-1, suka doke Girka 2-0, suka fito a saman rukuni. Duk wannan yana faruwa ne a makonnin da aka kama Abiola, ma'aikatan man fetur suna shirin yajin aiki, ƙasa tana neman abin da zai haɗa ta wuri ɗaya.

A nan Arewa akwai wani dalili na daban da ake son mutumin. Rashidi Yekini haifaffen Kaduna ne, a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara, kuma a hannun Westerhof ne ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka na 1993, ɗan Nijeriya na farko da ya samu wannan kambu. Daniel Amokachi kuwa daga Ranchers Bees ta Kaduna kocin ya ɗauko shi yana ɗan shekara 17, ya kai shi Aljeriya, daga nan yaron ya wuce Club Brugge ta Beljiyam. Westerhof yana yawo filayen wasannin lig da ƙafarsa yana neman yara. Mai kallo a filin tunawa da Sardauna na Gusau ya san bambancin kocin da yake zuwa ya zauna cikin ƙura da wanda yake jiran a turo masa sunaye daga Landan.

Hujjarsu mafi ƙarfi, a ganina, ita ce ta zuri'a. Mataimakinsa Bonfrere Jo ne ya ɗauki kusan wannan gida ya ci zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, inda aka doke Brazil 4-3 da Ajantina 3-2, da su Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin tawagar. Sannan a ƙirga 'yan wasansa da suka dawo suka riƙe Super Eagles: Augustine Eguavoen, Samson Siasia, Sunday Oliseh, Finidi George, da shi kansa Keshin. Amunike ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015 da su Victor Osimhen, ya kuma kai Tanzaniya gasar Afirka ta 2019. Sai su ce, to wanda kuke kuri da shi ma ai almajirin namu ne.

Amsar mutanen Keshi

Su kuma ba sa musun kofin Tunis. Abin da suke tambaya shi ne, da me aka ci shi?

Sun ce Westerhof bai tarar da kango ba. Shekara guda kafin zuwansa, a Maroko a 1988, Nijeriya ta kai wasan ƙarshe a ƙarƙashin Bajamushe Manfred Höner. A 1984 ma ta kai a ƙarƙashin Adegboye Onigbinde, ɗan gida. Peter Rufai da Keshi da Yekini da Eguavoen duk suna nan kafin ya sauka a Legas. Ƙananan ƙungiyoyin ƙasa suna ta aman yara: Sebastian Brodricks ya ci kofin duniya na yara a Sin a 1985, Tunde Disu ya kai 'yan ƙasa da shekara 20 wasan ƙarshe a Saudiyya a 1989, Fanny Amun ya ci kofi a Japan a 1993 da su Nwankwo Kanu. Duk waɗannan kociyoyin gida ne. Gona ce da aka riga aka yi wa sharar fage aka zuba taki, Bature ya zo lokacin shuka.

Na biyu, sun ce a duba gatan da ya samu. Sananne ne cewa Westerhof yana da ƙofa a buɗe zuwa ofishin mataimakin shugaban ƙasa na mulkin soja, Augustus Aikhomu. Idan hukumar ƙwallo ta NFA ta tsaya masa a hanya, sai ya tsallake ta. Ya kai ƙungiya sansanin Papendal a ƙasarsu, ya samu shekara biyar cur ba a kore shi ba duk da an sha 5-1. Wane ɗan Nijeriya ne za a zuba wa biyar a wasan farko na gasa ya kwana da aikinsa?

Yanzu a juyo ga Keshi. Ya karɓi ƙungiyar da ta kasa ko samun gurbin gasar Afirka ta 2012. Shekara 19 ke nan rabon ƙasar da kofi. Ya ajiye manyan sunaye irin su Peter Odemwingie da Obafemi Martins, ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan wasan lig ɗin gida shida, cikinsu har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. 'Yan jarida suka yi ta yi masa dariya. Aka yi kunnen doki da Burkina Faso, aka yi da Zambiya, sai da fenariti biyu na Victor Moses a kan Habasha aka fita daga rukuni. Kowa ya ɗauka Kwaddibuwa ta su Drogba da Yaya Toure za ta sallamo su gida. Sai ga Sunday Mba, yaron da ba a san shi a wajen Nijeriya ba, ya ci ƙwallon da aka tashi 2-1. Aka yi wa Mali 4-1, Ahmed Musa yana cikin masu ci. Ranar 10 ga Fabrairun 2013 a Johannesburg, Mban nan ne dai ya sake ɗaga ƙwallo ta kan mai tsaron baya ya doka ta a ragar Burkina Faso. Keshi ya zama mutum na biyu a tarihi da ya ci kofin Afirka yana ɗan wasa ya kuma ci yana koci, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar. Wata goma sha biyar kawai ya yi a kan aiki kafin ya ci kofin. Washegari ya ce ya ajiye aikin saboda yadda jami'an hukuma suka yi masa a lokacin gasar, sai da aka lallashe shi ya janye. Daga baya ya shafe watanni yana bin bashin albashi.

Bai tsaya nan ba. A gasar CHAN ta 2014, wadda 'yan wasan gida zalla suke bugawa, ƙungiyarsa tana bayan Maroko da ci 3-0 kafin hutun rabin lokaci, ta dawo ta ci 4-3, ta ƙare a matsayi na uku. A tawagar akwai Rabi'u Ali na Kano Pillars da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, wanda kusan ɗan gida ne a wurin mutanen Zamfara. A Brazil kuma ya fitar da Nijeriya daga rukuni a karon farko tun 1998, ya zama kocin Afirka na farko da ya kai zagaye na biyu a gasar cin kofin duniya. Kafin duk wannan ma, shi ne ya samo wa Togo gurbin gasar cin kofin duniya ta 2006, ƙasar da ba ta taɓa mafarkin haka ba, aka sallame shi kafin a tafi Jamus aka ba Otto Pfister.

Wani malamin makaranta a Bungudu ya taƙaita matsayinsu da cewa Westerhof ya gyara ƙungiya, Keshi kuwa tunanin mutane ya gyara. Kafin 2013, in an ce kofi, sai a ce a nemo Bature. Bayan 2013, duk mai faɗin haka sai ya fara bayanin Keshi tukuna.

Inda kowa yake da rauni

Mutanen Westerhof suna da martani, kuma ba mai sauƙi ba ne. Sun ce in tasiri ake magana, a nuna abin da ya rage na Keshi bayan shekara biyu. Ƙungiyar da ta ci kofi a 2013 ta kasa zuwa kare shi a 2015: Kwango ta ci ta 3-2 a Kalaba, Sudan ta ci ta 1-0, aka ƙare da 2-2 da Afirka ta Kudu a Uyo. An kore shi a Oktoban 2014, aka dawo da shi, aka sake korarsa a Yulin 2015. Sunday Mba ya ɓace daga idon duniya kamar walƙiya. Batun amincewa da 'yan wasan gida kuwa, sun ce Westerhof ya riga shi da shekara 23, a Aljeriya. Tunanin da aka ce ya gyara ma bai daɗe ba, domin a 2016 hukuma ta koma ta ɗauko Gernot Rohr daga Jamus, ya yi fiye da shekara biyar, bayansa aka kawo José Peseiro daga Fotugal.

Mutanen Keshi su ma suna da tabon da suke dannawa, wato wasan Italiya na ranar 5 ga Yulin 1994. Nijeriya tana gaba da 1-0, an ba Gianfranco Zola jan kati, Italiya ta koma mutum goma, saura minti biyu a tashi, Roberto Baggio ya farke, ya kuma ƙara da fenariti a ƙarin lokaci. Ƙungiya mafi kyau da ƙasar ta taɓa haɗawa ta tsaya a zagaye na biyu, daidai inda Keshi ya tsaya a gaban Faransa bayan shekara 20 da 'yan wasan da ba su kai waɗancan ba. An kuma yi ta maganar saɓani tsakanin kocin da wasu manyan 'yan wasansa a sansanin Amurka. Daga can Westerhof bai dawo Legas da tawagar ba. Ayyukan da ya yi daga baya, har da riƙe Zimbabwe, ba su haifar da abin da ya kama ƙafar na Nijeriya ba, abin da ya sa wasu suke cewa yaran ne suka yi shi, ba shi ya yi su ba.

Waɗanda ake tsallakewa

Kafin a auna, akwai sunayen da wannan gardama takan danne. Otto Glória, ɗan Brazil da ya kai Fotugal matsayi na uku a duniya a 1966, shi ne ya ci wa Nijeriya kofin Afirka na farko ranar 22 ga Maris 1980 a Legas, 3-0 a kan Aljeriya, a gaban Shugaba Shehu Shagari, lokacin ana kiran ƙungiyar Green Eagles. Amma akasarin yaran nasa, su Christian Chukwu da Segun Odegbami da Muda Lawal, tarbiyyar ɗan Yugoslabiya ne da ake kira Father Tiko, wanda ya kai su na uku a 1976 da 1978. Ashe rigimar wa ya shuka wa ya girbe ta girmi Westerhof da Keshi.

Sai Shu'aibu Amodu, wanda labarinsa yake ba ni tausayi duk lokacin da na tuna. Sau biyu yana samo wa Nijeriya tikitin gasar cin kofin duniya, na 2002 da na 2010. Sau biyu yana zuwa na uku a Afirka a waɗannan shekarun. Sau biyu kuma ana karɓe ƙungiyar daga hannunsa ana saura 'yan watanni a tafi, na farko aka ba Onigbinde, na biyu aka ba Lars Lagerbäck ɗan Suwidin, kuma duka biyun ba a ci wasa ko ɗaya ba a can. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Ya rasu ranar 10 ga Yunin 2016, kwana uku bayan Keshi, su biyun a birnin Benin. Allah ya jiƙan Shu'aibu.

Awon hujjoji

Da na tattara abin da kowa ya kawo, sai na ga ɓangarorin biyu ba ma'auni ɗaya suke riƙe da shi ba. Masu Westerhof suna auna tsawon abin da mutum ya bari. Masu Keshi suna auna nauyin abin da mutum ya ɗauka kafin ya kai.

In da ma'aunin farko ne, ban ga yadda za a ƙwace wa Baturen ba. Shekara 30 bayan tafiyarsa, Finidi ne a kan kujerar a 2024, Eguavoen kuma shi ake kira duk lokacin da aka rasa mai riƙewa. Salon da 'yan Nijeriya suke ɗauka a matsayin nasu, na 'yan gefe masu gudu da ɗan gaba mai ƙarfi, hoton ƙungiyar 1994 ne. Sai dai zuri'ar tana da nata gefen. Siasia ne ya kasa zuwa gasar 2012, Oliseh bai cika shekara ba ya ajiye, Eguavoen ne a benci ranar da Gana ta hana Nijeriya zuwa Ƙatar a Abuja a 2022. Yawan almajirai ba shi ne yawan malamai ba. Kuma da Abacha bai hana ƙungiyar zuwa Afirka ta Kudu a 1996 ba, abin da ya jawo aka dakatar da ita daga gasar 1998, da mun ga iyakar ginin Westerhof da idonmu maimakon mu yi ta hasashe.

In da ma'auni na biyu ne, Keshi ne a gaba, kuma da rata. Wanda aka ba shekara biyar da kunnen fadar gwamnati, da wanda ya ci kofinsa cikin wata goma sha biyar ya kuma yi ta bin bashin albashi, suka kawo kofi iri ɗaya da zagaye iri ɗaya.

Akwai kuma wani abu da na ga kowane ɓangare yana kauce masa, domin yana ɓata wa kowa lissafi. Keshi yana cikin nasarar Westerhof tun daga tushe. Shi ne ya fita zuwa Abidjan a tsakiyar shekarun 1980, daga can ya wuce Lokeren da Anderlecht, ya buɗe hanyar Beljiyam da 'yan wasan Nijeriya da dama suka bi. Shi ne kyaftin ɗin da ake kira Big Boss, mai riƙe ɗakin 'yan wasa ko da rauni ya hana shi buga yawancin wasannin 1994. Haka nan Westerhof yana cikin nasarar Keshi: taurin kai a gaban hukuma, ajiye babban suna a ɗauki yaron lig, har da mataimakin da ya zauna kusa da shi a benci a 2013, wato Amokachin da aka ɗauko daga Ranchers Bees. Duk wanda ya ce zai raba rabon kowa a cikin waɗannan kofuna biyu, aiki ne a gabansa.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga dattawan da ɗan kaɗan, saboda kalmar da ake gardama a kanta tasiri ce, ba jarumta ba. Amma ba zan rantse a kai ba, domin ban san abin da Keshi zai yi da shekara biyar na kwanciyar hankali ba, kuma ba a taɓa ba wani ɗan gida irin wannan dama ba balle a kwatanta. Ya rasu yana da shekara 54, shekarun da koci yake fara nuna.

A daren da na baro Bungudu, gardamar ba ta mutu ba, juyawa ta yi. Wani ya jefo sunan Eric Chelle, ɗan Mali da aka ba ƙungiyar a Janairun 2025, ya tambaya ko shi a wane sahu za a sa shi, tunda ba Bature ba ne kuma ba ɗan gida ba. Mutanen Keshi suka ce nasu ne, ai ɗan Afirka ne. Mutanen Westerhof suka ce a Faransa ya yi ƙwallonsa, don haka nasu ne. Mai gidan kallon ya ce su tashi zai rufe, dare ya yi, kuma kowa ya san yanzu ba a daɗewa a waje.